Ɓawon Waken Suya da Darasin Kuza

A filayen kuza na Arewa, irin su Jos da Riruwai, an daɗe ana zubar da kwalambait a matsayin datti. Sai a farkon shekarun 1950, da Amurka ta neme shi da tsada, aka koma tonon jujin da aka bari.

Yau irin wannan jujin yana gonakinmu. Waken suya, wanda Turawa suka gwada a Ibadan a 1908, ya zama amfanin Doguwa da Tudun Wada. Ƙwayar ta tafi awara da mai, ɓawon ya tafi bakin tumaki. Alhali kusan sulusinsa selulos ne, zaren tsiron da ake takarda da leda mai ruɓewa da shi. Wannan karon ma sai baƙo ya yi masa farashi?