Daga Dundumi Zuwa Ƙwayoyin Gado: Tarihin Hanta, Mai da Bitamin A

Idan a Haɗeja ko ƙauyukan fadamarta ka taso, wataƙila ka san dundumi: yaro na gani sarai da rana, amma magariba na yi sai ya kama lalube. Tun zamanin Fir'auna ake maganinsa da hantar dabba, sai dai an yi dubban shekaru ba a san dalili ba.

A 1913, Elmer McCollum da Marguerite Davis a Amurka suka lura cewa ɓerayen da suka daina girma sukan farfaɗo idan aka ba su man shanu ko ƙwanduwar ƙwai, amma man zaitun bai yi musu komai ba. Abin da ke narke cikin man shanun shi aka raɗa wa bitamin A. A 1951, Toshio Ito na Japan ya bayyana wasu ƙwayoyi a cikin hanta masu ɗauke da ɗigon kitse, a 1971 kuma Kenjiro Wake ya nuna su ne rumbun bitamin A. Ka ji sirrin hanta.

To, me yake yi bayan gyaran ido? Amsar ta zo a 1987, lokacin da ayarin Pierre Chambon a Faransa da na Ronald Evans a Amurka suka gano furotin RAR. Jiki kan juya bitamin A ya zama asid na retinoyik, wanda ke kama RAR a kan DNA, sai a kunna wasu ƙwayoyin gado. A 1990 aka gano RXR da PPAR. Nau'in PPAR da ya fi yawa a hanta sinadaran kitse ne ke tayar da shi, amma ba ya aiki sai ya haɗu da RXR, wanda shi ma dangin retinoyik ke iya kunnawa. Tare suke umartar hanta ta ƙone kitse, musamman lokacin da kake azumi.

Wannan ya shafe ka kai tsaye. Idan ciwon hanta nau'in B ya daɗe, ko tsargiyar nan mai kama hanji da hanta, wadda ake ɗauka a ruwan da ke da dodon koɗi, ƙwayoyin Ito sukan zubar da ajiyarsu su koma saƙa tabo, hanta ta taurare.

Haka kuma sinadarin da ke cikin zogale da karas, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, hanji ba ya tsotse shi sosai sai da maiƙo. Shi ya sa kwaɗon zogale da ƙuliƙuli da ɗan man gyada ya fi dafaffen ganye zalla. Tun 2002 Najeriya ta wajabta ƙara bitamin A a man girki da sukari da fulawa, kuma ana ɗiga shi ga yara 'yan wata 6 zuwa 59 sau biyu a shekara. In masu rigakafi sun zo unguwarku, kada ɗanka ya rasa nasa.