Daga Bodo Zuwa Tikitin Kasuwa: Tarihin Haraji a Ƙasar Kurfai

Ƴan'uwa, a taronmu da ya wuce an yi gardama mai yawa a kan tikitin kasuwa. Waɗansu suka ce kuɗi ne da ba a ganin amfaninsu. Don haka muka ga ya kamata mu waiwayi baya, gama wanda bai san inda aka fito ba, ba ya sanin inda aka nufa.

Da Faransawa suka kafa bariki a Filinge, farkon shekarun 1900, sai suka naɗa Mayaƙi Gado Namalaya ya riƙe Kurfai. Suka aza wa kowane baligi bodo, watau kuɗin kai, dabbobi kuwa aka sa musu jangali. Da fari ana karɓar hatsi da bisashe, daga baya suka ce sai kuɗinsu na tamma. Neman kuɗin bodo na cikin abin da ya kai samarinmu cirani Kano da Gwalkwas. Hanyoyin mota kuwa ba da kuɗi aka share su ba, da jiɓin goshin kakanninmu ne, aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946. A yunwar 1931 fara ta cinye hatsi, amma ba a daina biɗar bodo ba. Mutane suka sayar da abin hannunsu, waɗansu suka bar gari. Tun daga nan talaka ya ɗauki haraji abin da ake ƙwacewa, ba abin da ke komowa gare shi ba.

Bayan mulkin kai a 1960 bodo bai tafi ba. Sai a zamanin Seyni Kountché, ɗan Fandu, wanda ya hau mulki a 1974, aka soke bodon gwamnati albarkacin kuɗin uraniyom. Aka bar ɗan abin da ake biya wa gunduma.

To, yau da me ake aiki? Haraji ya koma cikin ciniki. Akwai TVA, kashi 19 cikin 100, wanda ake ɗorawa a kan kaya tun daga kanti ko kan iyaka. Mai sayen sabulu yana biya bai sani ba. Wannan yana tafiya baitulmalin ƙasa a Yamai, daga nan ne albashin malamin makaranta da na likita ke fitowa, da wani kaso na gyaran manyan hanyoyi irin tamu ta Yamai zuwa Balleyara zuwa Filinge. Da aka so a aza shi a kan madara da garin alkama da ruwa da wuta a 2005, jama'a suka tashi, har gwamnati ta sassauta.

Tikitin kasuwa kuwa, da kuɗin da ake karɓa a kara in an sayar da dabba, da na tashar mota, nasu na gida ne. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 suna shiga asusun komin. A 2024 an rushe majalisun da aka zaɓa, aka naɗa masu riƙo, amma asusun yana nan. Da shi ake sharar kasuwa, a gyara rumfa da rijiya, a cike kwazazzabon da ke hana motar kasuwa iso mu da damina.

Shawararmu ita ce: kowa ya biya, amma kada ya miƙa ko dala sai an yanka masa tikiti, gama kuɗin da ba su da takarda aljihu suke shiga. Mu kuma ƙungiya mu tura wakilai biyu su nemi a karanta musu lissafin shekara, su kai kukan hanyarmu kafin ruwa ya sauka. Kakanninmu sun biya ba su da bakin tambaya. Mu muna da shi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.