Kan Jirgin da Ya Sha Wuyar Tashi

A 1912 aka fito da wani sabon kan jirgin ƙasa a garin Winterthur na ƙasar Suwizalan. Kamfanin Sulzer ne ya ƙera injinsa, kamfanin Borsig na Jamus ya yi gangar jikin, kuma da hannun Rudolf Diesel kansa a cikin aikin. Nauyinsa tan 95, an tsara shi ya yi gudun kilomita 100 a awa. Amma bai kai ga shiga aikin yau da kullum ba.

Matsalar tana wajen tashi. Injin tururi yana iya jan kaya daga tsaye cak, shi kuwa injin dizal ba ya ba da ƙarfi sai yana juyawa. A mota, kuloci da giya ne ke raba wannan gardama, to amma a lokacin babu kulocin da zai jure nauyin taragai. Sai maƙeran suka haɗa injin da ƙafafun jirgin kai tsaye. Idan za a tashi, sai a tura shi da matsattsiyar iska har ya ɗan ɗauki gudu, sannan injin ya kama. Iskar ba ta da auki, lalacewa kuma ta yi yawa. Diesel ya rasu a 1913, yaƙin duniya ya ɓarke a 1914, gwajin ya tsaya.

Mafita ta zo daga lantarki: a bar injin ya juya janareto kawai, wutar da ta fito ita ce za ta juya ƙafafun. A 1914 Hermann Lemp na kamfanin General Electric ya yi rajistar dabarar daidaita injin da janareton. A 1924 Yuri Lomonosov ya jagoranci ƙera irin wannan kan jirgi a Jamus domin Tarayyar Sobiyet, daga baya aka kai shi aiki yankin Ashgabat, inda ruwan da jirgin tururi ke sha yake wahalar samu. A 1925 wani ƙarami mai ƙarfin doki 300 ya kama aikin jera taragai a New York.

Mukan yaba wa wanda ya ƙirƙiro inji, mu manta da waɗanda suka gano yadda ƙarfinsa zai isa ƙafa. Jirgin Abuja zuwa Kaduna da muke hawa dizal yake sha, amma lantarki ne ke juya ƙafafunsa.