AMSOSHIN WASIƘUNKU: Farfesa Lambo da Tarihin Binciken Shaye-shaye a Nijeriya

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomin albasa a Yelwan Yauri, kuma wani ɗan tireda daga ƙasar Shanga ya aiko da irinta. Suna cewa yara masu aikin gona da masu kamun kifi a bakin tafkin Kainji sun kama shan ƙwaya, wai don ƙarfin aiki. Shin akwai masanin da ya taɓa bincike a kan wannan masifa a ƙasar nan? Kuma me bincikensa ya haifar?

AMSA: To Malamai, mun gode da wasiƙunku, Allah ya bar zumunci. Akwai ƙwarai kuwa, kuma wanda masana suka fi ambata shi ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo, Bayaraben Abeokuta, wanda aka haifa a 1923. Ya yi karatun likita a Jami'ar Birmingham ta ƙasar Ingila, ya kuma ƙware a kan ciwon taɓin hankali a asibitin Maudsley da ke birnin Landan. A 1954 ya dawo gida ya kama aiki a asibitin Aro, kusa da Abeokuta.

A wancan zamani, wanda duk hankalinsa ya gushe sai a kulle shi a gidan mahaukata, ko ma a gidan yari. Shi kuwa Lambo sai ya je ya roƙi mutanen ƙauyukan da ke kewaye da Aro su sauki marasa lafiya a gidajensu. Kowane majiyyaci sai ya zo da ɗan'uwansa, uwa ko ƙane ko inna, su zauna tare. Da rana a kai shi asibiti ya sha magani, da dare ya kwana cikin mutane kamar kowa. Har masu maganin gargajiya ya jawo jiki suka yi aiki tare. Wannan tsari na ƙauyen Aro ya yi suna a duniya.

A wannan asibiti ne likitoci suka riƙa ganin samarin da wiwi ta juya wa ƙwaƙwalwa. A 1964 Dakta Tolani Asuni, wanda ya gaji Lambo a Aro, ya buga bincikensa a kan wiwi a Nijeriya cikin mujallar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi. A 1965 shi ma Lambo ya buga nasa a wannan mujalla, a kan shaye-shaye a Afirka ta Yamma baki ɗaya. Dukansu biyu sun ɗauki abin a matsayin ciwo mai neman magani, wanda kuma yake da saiwa cikin halin zaman jama'a. Lambo ya yi shugabancin Jami'ar Ibadan, daga nan a 1973 ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya har zuwa 1988. Ya mutu a 2004.

Mutanen Yauri kuwa, ku sani ƙasarku ma tana cikin wannan tarihi. Lokacin da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya ci gungu da gonaki, aka tashi mutane wajen 44,000 aka sake musu matsuguni, cikinsu har da Gungawa masu noman albasa. Jim kaɗan bayan haka wani Ba'amurke masanin al'adu, Frank Salamone, ya zo ya zauna a Yauri yana bincike. A 1973 ya buga ƙasida a kan matsalar ƙwaya a wannan masarauta. Kun ga ke nan abin da kuke kuka da shi ya haura shekara 50 ana rubutu a kansa.

Ita gwamnati fa ta fi bin hanyar bulala. Dokar soja ta 1966 ta tanadi hukuncin kisa ga mai noman wiwi. A 1985 an harbe mutum uku a Legas saboda fataucin ƙwaya. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA. Duk da haka binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun taɓa ƙwaya cikin shekarar da ta gabata. A wannan shekara ce kuma aka hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin. Kama dila wajibi ne, amma fa kamu bai taɓa warkar da wanda ya riga ya kamu ba.

To ina amfanin wannan tarihi ga manomi? Ƙwaya irin su taramol ba ta ƙara wa jiki ƙarfi, ɓoye gajiya da zafin jiki kawai take yi. Yaro ya yi huɗar kwana biyu a yini ɗaya, amma gobe sai ya sha biyu kafin ya ji abin da ɗaya ta yi masa jiya. In ya rasa, sai gumi da ciwon gaɓoɓi da rashin barci. In ya zarce kima tana sa farfaɗiya, wanda kuwa ta buge shi cikin kwale-kwale a tsakiyar tafki, sai dai Allah ya kiyaye. Saboda haka mai gona ya daina haɗa ƙwaya cikin ladan ƙwadago.

Sa'an nan kada a kore shi daga gida, kada kuma a sa masa mari. Kun dai ji yadda 'yan sanda suka kuɓutar da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Kaduna da Daura a 2019. A kai shi babban asibiti mafi kusa, in abin ya yi tsanani akwai asibitin tarayya na ƙwaƙwalwa a Kware ta Jihar Sakkwato. Kuma kamar yadda aka yi a Aro, ɗan'uwa ya raka shi ya zauna da shi, in ya dawo a ba shi fartanyarsa ko komarsa ya ci gaba da sana'a. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.