Karl Marx da abokan tafiyarsa a fim

Fina-finan da suka ɗauko rayuwar masanan da suka aza tubalin gurguzu da fafutukar haƙƙin ma'aikata ba su da yawa, kuma akasarinsu a kan mutum ɗaya suke, wato Karl Marx (1818–1883), da amininsa Friedrich Engels, da iyalansu. Dalilin ƙarancin ba ɓoyayye ba ne. Yajin aiki yana da cincirindo da ihu da 'yan sanda, abin da kyamara ke so ke nan. Mutumin da ya share shekaru a ɗakin karatu na British Museum da ke Landan yana rubutu kuwa, me za a nuna wa mai kallo?

A 1927 da 1928 daraktan Tarayyar Sobiyet Sergei Eisenstein ya yi ta rubuta tsarin yadda zai mayar da littafin Marx mai suna Das Kapital fim, amma bai kai ga ɗaukarsa ba. Sai a 2008 Bajamushe Alexander Kluge ya koma kan waɗannan rubuce-rubuce ya fitar da aiki mai tsawon fiye da awa 9.

Lokacin yaƙin cacar baka, gwamnatocin gurguzu ne suka fi ɗaukar nauyin irin waɗannan fina-finai. A 1966 Grigori Roshal ya fitar da God kak zhizn, kan juyin juya halin 1848 da 1849, lokacin da Marx ke shirya jarida a birnin Cologne. Dmitri Shostakovich ne ya yi kiɗan. Kamfanin DEFA na Jamus ta Gabas ya yi fim na yara, inda Marx ya fito a matsayin dattijo mai tausayin yaran da ke aikin masaƙa a Landan. Aibin waɗannan ayyuka ɗaya ne: an wanke mutumin tas, an mayar da shi kamar waliyyi, ba fushi, ba kuskure. Wanda ya karanta wasiƙunsa ya san ba haka yake ba.

A Yamma, 1986 ta zo da fim biyu masu nauyi. Margarethe von Trotta ta yi Rosa Luxemburg, kan marubuciyar da aka kashe a Berlin a Janairun 1919, kuma Barbara Sukowa ta samu kyautar gwarzuwar jaruma a bikin Cannes. Bill Douglas kuma ya yi Comrades, labarin leburorin gona shida na ƙauyen Tolpuddle a Ingila da aka kora zuwa Ostireliya a 1834 saboda rantsuwar da suka yi ta kafa ƙungiya.

Fim ɗin da ya fi yin fice shi ne Le jeune Karl Marx na 2017, na Raoul Peck, ɗan Haiti, wanda ya yi fim ɗin Lumumba a 2000. Ya buɗe da talakawa masu tsintar itace a daji, mahaya dawakai suna far musu, domin dokar satar itace na cikin abubuwan da Marx ya fara rubutu a kansu. Daga nan ya bi August Diehl a matsayin Marx da Stefan Konarske a matsayin Engels har zuwa rubuta kundin manufofin kwaminisanci a 1848. Marx na Peck saurayi ne mai zafin kai, bashi ya yi masa katutu, yana dogaro da kuɗin abokinsa, ɗan mai masaƙa a Manchester. Jenny, matar Marx, da Mary Burns, ma'aikaciya 'yar asalin Ireland, sun samu bakin magana. Wannan shi ne ƙarfin fim ɗin: ya nuna cewa gardama a kan albashi da yunwa tsakanin masu rai aka yi ta. A 2019 ƙasar Sin ta fitar da zane mai motsi kashi 7 kan rayuwar Marx, a 2020 kuma Susanna Nicchiarelli ta yi Miss Marx kan autarsa Eleanor.

Waɗanda suka riga Marx kuwa an bar su a baya. Ko a fim ɗin Peck, biyu daga cikinsu, Proudhon da Wilhelm Weitling, sun fito ne a matsayin waɗanda za a kayar a muhawara. Robert Owen, da ya rage awoyin aiki ya buɗe wa 'ya'yan ma'aikata makaranta a New Lanark, da Flora Tristan, da ta yi kiran haɗin kan ma'aikata tun 1843, sun cancanci fim na kansu mai girman wanda aka yi wa Marx.