Takarda, baƙuwar da ta zama 'yar gida

  

Yau za mu yi magana bisa takarda. Ga ta nan a hannunku kuna karantawa. Wataƙila jiya ma cikinta mahauci ya ƙunso muku nama. To, daga ina ta fito? Wa ya kawo mana ita? Wane aiki ta yi wa kakanninmu, wane aiki take yi mana? Ku karanta sannu a hankali. In wata kalma ta yi muku wuya, ku tambayi malaminku.

Inda aka fara yin ta

A ƙasar Sin aka fara yin takarda, can gabas da nisa. Littattafan tarihinsu sun ce a shekara ta 105 wani ma'aikacin fada mai suna Tsai Lun ya nuna wa sarkinsu yadda ake yin ta. Ya tara ɓawon itace, da tsumma, da tsohuwar komar masunta. Ya jiƙa su, ya kirɓa su har suka yi laushi. Ya dama su da ruwa kamar kunu. Sai ya tsoma wata rariya mai faɗi, ya ɗaga. Ruwa ya tsiyaye, zare-zare suka kwanta bisa rariya. Ya matse, ya shanya. Da abin ya bushe, sai ga takarda.

Kun san gidan rina, wanda take liƙawa ƙarƙashin rumfa. Rina tana tauna busasshen itace da miyaunta, ta gina gida da shi. Wannan ma takarda ce. Yau manyan injuna ke niƙa itace su yi takarda, amma dabarar ba ta sake ba.

Daga Sin sana'ar ta shiga ƙasashen Musulmi. Wajen shekara ta 795 ana yin takarda a Bagadaza. Daga hannun Larabawa Turawa suka koya. A ƙarni na 13 mutanen Italiya suka gwanance da ita.

Yadda ta zo mana

Sunanta ma yana nuna hanyar da ta biyo. Daga bakin Buzaye muka samu kalmar takarda. Su ne masu raƙuma, su suka san hanyar hamada.

Takardar da kakanninmu suka fi sani a Italiya ake yin ta, da tsumma. In ka ɗaga ta ga hasken rana, sai ka ga alamar jinjirin wata guda 3 cikin jikinta. Jirgin ruwa ke kai ta Tarabulus. Daga nan a ɗora wa raƙuma, su bi ta Gat, su shigo Abzin, su gangaro Damargu. Wasu ayarori su bi ta Damagaram, wasu su bi ta Tasawa da Gazawa, su nufi Katsina da Kano. Tafiyar watanni ce.

Wani Bature ɗan Jamus ya biyo hanyar nan. Sunansa Bart, amma mutane sun san shi da Abdulkarim. Ya biyo ayarin gishiri, ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851, sa'an nan ya wuce Kano. Ya rubuta abin da ya gani. Ya ce ana kawo takarda mai wata 3 da yawa a kasuwar Kano. Abin mamaki, ya ce da ita ake naɗe tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar.

Kun san turkuɗi, kun san rawani ɗan Kura. Ana rina su da baba, a buga su da shuni har su yi walƙiya. In aka bar su haka nan cikin kaya, shuni ya goge, walƙiya ta mutu, kuɗinsu ya faɗi. Don haka ake naɗe kowane guda cikin takarda, a ɗaure. Takardar da ta ƙetaro hamada daga arewa, sai ta koma arewa da rawani a cikinta. Ashe tun zamanin da, takarda aiki biyu take yi a ƙasar Hausa: tana ɗaukar magana, tana ɗaukar kaya.

Takarda a hannun malamai

Ga talaka, takarda abin tattali ce a wancan zamani. Shi ya sa almajiri ba ya farawa da ita. Da allo yake farawa. Ya rubuta, ya haddace, ya wanke, ya sake rubutawa. Allo guda ya ishe shi shekaru. Sai wanda ya yi nisa ake ba takarda.

Alaramma kan rubuta Alƙur'ani duka da hannunsa, da alƙalamin kara. Tawadar allo da gawayi da ƙaro ake yin ta, don ta wanku. Ta takarda kuwa akan haɗa ta da bagaruwa da kashin maƙera, don ta kama. Ba a ɗinke warƙoƙin. Ana jera su tsakanin marfi biyu masu ƙarfi, a sa cikin gafaka, a rataye. Akwai gidajen malamai da suke da irin waɗannan littattafai har yanzu, gadon kakanni.

Da takarda ake yin laya. Malam ya rubuta, ya ninke ta ƙanana, a naɗe da zare, baduku ya ɗinke cikin fata. Da ita sarakuna ke aika wasiƙa, a buga hatimi, manzo ya hau doki ya kai. Don haka tsofaffinmu ke girmama rubutu. Ko wanda bai yi karatu ba, in ya ga takarda mai sunan Allah a ƙasa, sai ya duƙa ya ɗauka, ya soke ta ga danga ko ramin bango.

Daga wuri zuwa kuɗin takarda

A da, da farin wuri ake ciniki. In guda ne a ce wuri, in suna da yawa a ce kuɗi. Kun ji asalin kalmar. Ƙirgarsu aiki ce babba. Biyar biyar ake jan su da yatsu. A Tasawa Abdulkarim ya tarar da wani ɗan kasuwa da mataimakansa suna ƙirga wuri dubu 500.

Bari mu yi lissafi tare. Wuri dubu 20 su ne keso guda. Wuri dubu 500 ke nan keso 25. Raƙumi yana ɗaukar wajen dubu 100, wato kayan raƙuma 5. A Kano a shekarar nan, dalar azurfa guda wuri 2500 ce. Duk tarin nan bai wuce dalar azurfa 200 ba.

Yau manomi ya saida sa a kasuwar Mayahi, ya ninke kuɗinsa ya sa aljihu, ba wanda ya sani. Kuɗin sefa an kafa su a watan Disamba na 1945. Sunayen da ne suka rage mana: muna cewa dala, muna cewa jikka. Jikka kuwa asalinta jikkar da ake zuba kuɗi ce. Takardar kuɗi da auduga ake yin ta. Shi ya sa take jure gumi da yawan shiga hannu fiye da takardar kaye.

Takardun hukuma

Sojojin Faransa sun ratsa ƙasarmu a 1899, da ƙone garuruwa da kashe mutane. Shugabanninsu biyu, Bule da Shanuwan, a nan suka mutu, kaburburansu suna Maijirgi. Bayan Turawa sun zauna, sai wata irin takarda ta zo. An ƙidaya mutane da dabbobi, an rubuta. An sa lanho, ana ba da takardar shaidar biya. Rubutun da Faransanci ne, da baƙaƙen boko. Maigida yana riƙe da takarda mai sunansa, bai san abin da ta ce ba. Abin da tafinta ya faɗa masa, shi ke nan.

Nijar ta samu mulkin kai a 1960. Lokacin gyaɗa ce babbar dukiyar Maraɗi da Damagaram. A 1962 aka kafa SONARA mai sayen gyaɗa, da UNCC mai kula da ƙungiyoyin manoma. A kasuwar gyaɗa ana aza buhu bisa sikeli, a rubuta kilo, a biya. Manomin da bai san lamba ba, bai iya duba sikeli ba, bai iya duba takarda ba. Ko an rage masa, sai dai ya yi godiya. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka dage da yaƙi da jahilci, wanda aka kafa ma'aikatarsa a 1963. A 1966 masana suka taru a Bamako don daidaita baƙaƙen rubuta harsunanmu, har da Hausa.

A 1993 aka yi dokar ƙasar noma. Ita ta kawo kwamitocin kula da filaye. Wanda ya sayi gona, ko ya karɓi jingina, ko aka ba shi aro, yana iya samun takardar shaida. Ku da kanku kun san gonaki sun yi wa mutane kaɗan a Mayahi da Tasawa. Shaidun baki suna tsufa, suna mutuwa, wasu su manta, wasu su juya magana. Takarda abin da aka sa mata shi take faɗi, ko bayan shekara 40.

Ayyukanta na yau

Ku duba kasuwa ranar da take ci. Mai tsire da mai kilishi suna ƙunshi da takardar buhun siminti, don tana da ƙarfi, tana shan mai. Mai gyaɗa tana murɗa takarda ta yi mazubi. Mai tebur yana ƙulla ganyen shayi da sukari. Mai ƙwai yana jera su cikin faranti mai ramuka, wanda aka yi da tsohuwar takarda da aka jiƙa aka sake mulmulawa. Tela yana yanka samfurin riga bisa takarda kafin ya taɓa yadi da almakashi.

Ga kwali kuma. Ana kai 'yan tsaki kasuwa cikinsa. Ana shimfiɗa shi a zauna. Ana fifita wuta da shi. Wasu suna liƙa shi ƙarƙashin kwano don rage zafin ɗaki. Har cikin mota akwai takarda. Matatar iskar inji takarda ce da aka ninninke, ita ke tare ƙura. Ɗan ƙunshin shayin da ake tsomawa cikin ruwan zafi, shi ma takarda ne.

Leda ta ƙwace wa takarda aiki da yawa. Amma ku duba bayan gari. Leda ta maƙale ga ƙaya, ta rufe gonaki, ba ta ruɓewa. Akuya ta ci, cikinta ya toshe, ta rame har ta mutu. A 2014 hukuma ta yi dokar hana baƙar leda da ire-irenta marasa kauri, amma har yanzu ga ta nan ko'ina. Takarda kuwa daga tsiro ta fito. Ruwa ya jiƙa ta, gara ta ci ta, ta koma ƙasa.

Abin da za mu kiyaye

Kada a ƙunsa abinci cikin takardar da ta riƙe maganin ƙwari ko takin zamani. Guba ce. In buhun siminti ne, a yar da ninkin da ya taɓa siminti. Abinci mai zafi mai maiƙo yana kwasar tawadar jarida, gara a nemi takarda marar rubutu.

Babban abu shi ne wanga. Takardar ƙunshi daban, takardar ajiya daban, kuma a ido duk kamarsu ɗaya. Sai mai karatu ke rarrabe su. Yaro yana iya ɗaukar takardar gona ya kai wa mai ƙosai. Uwargida tana iya hura wuta da takardar haihuwar ɗanta, ranar shiga lakkwal a nema a rasa. Ku yanzu kun iya karatu. Kafin ku ƙunsa, ku karanta. Kafin ku ƙone, ku karanta. Kafin ku dangwala yatsa ko ku sa hannu, ku karanta.

Maƙiyan takarda 4 ne: gara, da ruwa, da ɓera, da wuta. Ku tara takardun gida wuri guda: ta haihuwa, ta aure, ta gona, katin rigakafin yara, da shaidar biyan bashi. Ku sa su cikin gwangwani mai marfi ko akwatin ƙarfe, nesa da ƙasa, nesa da murhu. Kowace shekara kafin damina ku buɗe ku duba. Rigakafi ya fi magani.

Ga tambayoyin da za ku tattauna da malaminku a wurin karatu:

1. Ta wace hanya takarda ta fara zuwa ƙasarmu?
2. Don me ake naɗe rawani ɗan Kura cikin takarda?
3. Keso 25 wuri nawa ne?
4. Takardun ajiya nawa ke gidanku, kuma ina kuka ajiye su?

Ku rubuta amsoshinku cikin kaye. Wanda ya san wani aikin takarda da ba mu ambata ba, ya rubuto mana da hannunsa, za mu karanta a radiyo.