Daga Asabari Zuwa Raga: Tarihin Rufin Taga a Ƙasar Kura da Kumbotso

Wanda duk ya nufi bin tarihin abin da Bahaushe ke rufe taga da shi, tilas ne ya fara da ƙofa, domin ita taga ba ta daɗe da zama abin rufewa ba a gidan Bahaushe. Kalmar kanta ta aro ce daga Larabci, wato ɗaƙa, kuma abin da maginan gargajiya ke kira taga a soro ko a ɗakin ƙasa ɗan rami ne a can sama kusa da rufi, wanda sau da yawa bai wuce tafin hannu biyu ba. Aikinsa fitar da hayaƙi da shigar da ɗan haske. In hunturu ya kama, sai a cusa masa tsumma, shi ke nan. Ba a bukatar labule a inda idon mai wucewa ba ya kaiwa.

A bakin ƙofa ne hikimar ta taru. Akwai tufaniya, wadda ake saƙawa da ciyawa a jingina ta a ƙofar ɗaki. Akwai tsaiwa, igiyoyi ne ke reto, mutum ya ratsa su su koma yadda suke. Sa'an nan ga asabari, wanda ake yi da siraran karan ciyawa irin su tsaure, a jera su a ɗaure da zare, a rataya, a naɗe shi sama in an ga dama. A ganina, asabari ya fi sauran nuna tunanin Bahaushe game da sutura. Matar da ke cikin ɗaki tana hangen tsakar gida ta tsakanin karan, amma wanda ke cikin hasken rana ba ya ganinta, ga shi kuma iska ba ta fasa shiga ba. Wato ya biya bukatar kunya ba tare da ya mai da ɗaki tanda ba.

Abin lura a nan shi ne Kura gari ne na tufafi. Marinanta da mabuganta sun yi suna tun ƙarni na 19, kuma baƙin rawanin nan da ake kira ɗan Kura har cikin Sahara Buzaye ke nemansa. Duk da haka ba a saba rataya saƙi a ƙofa ba, balle a taga. Tufa dukiya ce, jiki ake yi wa ita, ciyawa kuwa ga ta nan a fadama.

Sauyi ya biyo hanyar jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Kwanon rufi da katako da siminti suka samu, aka ga ginin ma'aikatun Turawa mai faffaɗar taga, har harshen ya sake aro, aka sami wundo. Taga ta sauko daidai ƙirjin mutum, aka yi mata marfin katako ko na kwano, daga baya gilashin luba da sandunan ƙarfe suka zo. Da ta sauko, sai ta zama ido a jikin gida, matsalar da a da ƙofa kaɗai ke da ita. Nan labulen yadi ya sami gindin zama, musamman bayan da masaƙun zamani suka araha da yadi, tun daga ta Kaduna da aka buɗe a 1957 har zuwa masana'antun Kano, ciki har da na Challawa a ƙasar Kumbotso. Labule ya shiga kayan ɗakin amarya, ya zama abin gasa tsakanin iyaye mata. Ya kuma shiga magana: in an ce manya sun sa labule, ana nufin sun keɓe don shawarar sirri.

A Kura da Bunkure akwai wani dalili na daban. Bayan da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da gwamnatin Audu Bako ta sa a gaba, ruwa ya riƙa bin magudanai zuwa gonakin Kadawa da kewayenta rani da damina. Alkama da tumatir da shinkafa suka kawo kuɗi, manoma suka yi ginin bulo mai manyan tagogi. Amma ruwan da ya kwanta a fadamun shinkafa ya sa sauro ya daina bin lokaci. Asabari ba ya tare sauro, labule ma haka, rufe marfin katako a watan bazara kuwa azaba ce. Don haka aka koma ga ragar waya, wadda kafinta ke bugawa a jikin katako. Taga guda sai ta tara rufi uku ko huɗu: ƙarfe don ɓarawo, raga don sauro, gilashi don ƙura, labule don idon mutane.

Yau mafi yawan yadin labulen da ake saye a Kantin Kwari daga Sin yake zuwa, kuma mai kauri ake so, wanda ke tare haske da iska gaba ɗaya. Na tambayi ɗalibaina a aji ma'anar tufaniya da tsaiwa, sai ɗaya ya ce yana jin sunayen tsuntsaye ne. Kalmomin suna nan a ƙamusun Bargery na 1934, amma tsofaffin da suka san irin ciyawar da ta dace da kowanne, da watan da ake yankanta, suna ƙauyukan Kura da Bunkure, kuma a wurinsu ya kamata ɗaliban da ke neman abin bincike su ɗauko bayanin da bakinsu.